An naɗa ƴata monita, sai ta sauko daga ta biyu zuwa ta bakwai

Mahaifin ɗaliba, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da wata damuwa da nake son malamai da iyaye su taya ni dubawa kafin in yanke hukuncin da zan zo ina da-na-sani. Ƴata tana aji biyar a wata firamaren gwamnati a nan cikin gari, kuma a zangon farko ita ce ta zo ta biyu a cikin yara 84. Da aka dawo daga hutu a watan Janairu, sai malamar ajin ta naɗa ta monita, ta kuma haɗa ta da yara shida waɗanda lissafi ke ba wa wahala domin ta riƙa yi musu bita. Tun daga lokacin yarinya ta koma fita kafin ƙarfe bakwai don ta tsaya a kan masu shara, ita ce mai ɗauko alli, ita ce mai tattara littattafai, ita ce kuma mai rubuta sunayen masu surutu idan malama ta fita. Sakamakon zango na biyu ya fito, ta zo ta bakwai, amma a ƙasan takardar an rubuta cewa yarinya ce mai hankali da riƙon amana. Ni dai karatu na kai ta, kuma a jarrabawar shiga sakandare babu inda ake ba da maki saboda riƙon amana. Niyyata ita ce in je in roƙi hedimasta a sauke ta daga wannan muƙami, amma mahaifiyarta ta ce in fara jin ta bakin masana.

Tsohon hedimasta, Argungu:

Wa alaikumus salam. Ɗana, mahaifiyar yarinya ta ba ka shawara mai kyau, domin gaggawa a irin wannan lamari takan sa a tsige shuka tare da ciyawa. Na fara riƙe alli a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare ga kowa, lokacin da aka kwaso yara daga kowace unguwa aka zuba mana su alhali mu kanmu ba mu daɗe da barin benci ba, kuma na yi shekara 35 a cikin aji da ofis kafin in ajiye aiki. Abu na farko da zan tuna maka shi ne, zama na biyu ko na bakwai ba awon abin da yaro ya sani ba ne, awon inda ya tsaya ne a tsakanin abokansa. Yarinya tana iya ƙara sani ta kuma sauka, idan wasu biyar sun fi ta ƙarawa, wataƙila ma a cikinsu akwai waɗanda ita ta ja hannunsu.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ga shi kuwa ka ce ajin ƴarka su 84 ne. A irin wannan aji, darasi na minti 35 ba ya kai wa yara yadda yake a jadawali. Minti goma sukan tafi wajen neman a yi shiru, wasu su tafi wajen rabon faɗa a kan fensir ko wurin zama, abin da ya rage shi ne karatun. Duk yaron da ya iya zuwa kan lokaci, ya jira a gama magana kafin ya yi tasa, ya mayar da abin da ya ara, ya kawo aikin gida ranar da aka ce, to yana ƙara wa kansa da ajin mintunan karatu ne. Abin da na gani a tsawon aikina shi ne, yaran da ake iya bar wa amanar aji su ne galibi suke dogon zango a karatu, ko da ba su ne masu kaifin kai ba a aji uku ko huɗu. Masu kaifin kan da ba su iya cika alƙawari ba kuwa, da yawansu sakandare ce ta tona musu asiri, domin a can babu mai bin yaro da bulala ya buɗe littafi.

Uwa, Yauri:

Baba, ina girmama shekarunka da aikinka, amma ka yi mini haƙuri in faɗi abin da mu iyaye mata muke gani. Wannan kalma ta "mai hankali" ita ce igiyar da ake ɗaure ƴaƴa mata da ita, a gida da makaranta. Yarinyar da ba ta musu ita ake aika ta sayo wa malamai abinci lokacin tara, ita ake ba wa goyon jaririn malama, ita ake turawa ɗibar ruwa idan tulun ofis ya ƙare, sannan a ƙarshen zango a rubuta mata yabo a ƙasan takarda, namijin da ya ƙi aikuwa kuwa ya zauna ya ji darasi ya zo na ɗaya. Babbar ƴata haka aka yi mata a wata makaranta a nan, sai da na je na tsaya a bakin ofis na ce na kawo ta koyon karatu ne, raino kuwa ta riga ta iya shi a gida. Mun taso muna jin cewa laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa, shi ya sa yarinya ba za ta taɓa buɗe baki ta ce wa malami aikin ya yi mata yawa ba. Ni ina bayan mahaifin nan, ya je a sauke ta.

Malamar firamare, Jega:

Hajiya, ba zan musa miki ba, ana yin abin da kika faɗa, kuma abin kunya ne ga duk wanda ke cin albashi da sunan koyarwa. Sai dai kada a haɗa aiken malami da aikin aji a kwarya ɗaya. Ni ma ina da yara fiye da 70 a gabana, kuma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Idan na ba da lissafi biyar a allo, ba zan iya zagaya kowane benci in ga wanda ya manta da abin da ya ɗauko wajen haɗawa ba, shi ya sa nake raba su rukuni-rukuni in sa wanda ya gane ya zauna da waɗanda ba su gane ba. Abin da ya fi ba ni mamaki tun da na fara haka shi ne, mai yin bitar ya fi masu sauraro ƙaruwa. Yaro yakan ɗauka ya gane rabawa mai saura har sai ɗan'uwansa ya tambaye shi dalilin da ya sa aka sauko da wannan lamba ba waccan ba, nan take zai gane ko sani ne da shi ko hadda, kuma ya dawo wurina da tambayar da da can ba zai taɓa yi ba.

Malamin kwalejin ilimi, Argungu:

Da izinin Baba, wanda ya riga mu sanin aji, zan ƙara da abin da masu bincike suka samu, domin wannan tambaya ba mu muka fara yin ta ba. Wata masaniya a Amurka, Kathryn Wentzel, ta tattara binciken da aka yi a kan wannan batu a 1991, kuma abin da take nufi da ɗaukar nauyin zaman tare shi ne yaro ya kiyaye ƙa'idojin zama da mutane, ya kuma cika abin da ake sa ran zai yi a matsayinsa na ɗan aji. Ta nuna cewa irin wannan hali yana taimakon karatu ta hanyoyi biyu. Yana gyara tsakanin yaro da malaminsa da abokansa, ta yadda zai samu mai yi masa bayani idan ya kakare, mai ara masa littafi idan ya yi fashi. Yana kuma ƙara wa yaro dalili da ƙwarin gwiwar yin ƙoƙari a karatunsa.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne binciken da masana halayyar ɗan Adam, Caprara da Bandura, da abokan aikinsu suka wallafa a 2000. Sun bi yara 294 a wani gari kusa da birnin Rum na Italiya tun suna aji uku, suka auna yadda kowannensu yake taimakon ƴan'uwansa, da rabawa da su, da lallashin wanda ke cikin damuwa, da haɗa kai wajen aiki. Bayan shekara biyar suka duba sakamakon karatunsu, sai suka tarar cewa wannan hali na aji uku ya fi makin da yaran suka ci a aji ukun nuna inda za su kai. Haka kuma a 2011 Durlak da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon shirye-shirye 213 na koya wa ɗalibai zama da mutane da mallakar zuciya, waɗanda suka shafi ɗalibai sama da 270,000. A inda aka auna karatu, ƙarin da aka samu ya kai kamar a jera yara 100 bisa ƙoƙari, sai na tsakiyar layi ya tsallake mutum 11. Ba ƙaramin abu ba ne ga shirin da ba lissafi ko Turanci yake koyarwa ba.

Malamin sakandare, Zuru:

Dakta, na gode da wannan bayani, amma ina da ja a wurare biyu, kuma daga aji nake magana ba daga littafi ba. Na farko, kowa a nan ya san cewa wani kaso na makin zango daga gwaje-gwajen cikin aji yake fitowa, kuma malamin da ke ganin yaron kullum shi ne mai ba da shi. Yaron da ke durƙusawa ya gaishe ni, ya share mini allo, idan ya ci tara cikin ashirin hannuna yakan yi nauyin rubuta tarar, sai in sa masa goma. Wanda ke mini gardama kuwa tararsa zan ba shi. To idan aka zo aka ce masu ladabi sun fi cin maki, ta yaya za a gane ko karatu ne ya ƙaru ko zuciyar malami ce ta karkata? Ni kaina ban wanke kaina daga wannan ba.

Na biyu, abin da muke kira hankali a makarantunmu sau da yawa shiru ne kawai. Ina karɓar ɗalibai daga firamare da takardu cike da yabo, amma ba za su iya ɗaga hannu su ce ba su gane ba, domin an koya musu cewa tambayar babba rashin kunya ce. Mu a ƙasar Zuru mun san golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, kuma babu shakka yana koya juriya da cika alƙawari fiye da kowane darasin ilimin ɗan ƙasa. Amma ban taɓa jin wanda ya ce golmo yana koya karatu ba. Hali daban, sanin harafi daban.

Akwai ma wani abu da ya fi damuna. A ɗakin jarrabawar kammala sakandare, ɗalibin da ya rufe takardarsa shi ake kira mugu, wanda ya miƙa amsa shi ne mai taimakon ƴan'uwa. Idan muka ce mu koya wa yara taimakon juna ba tare da iyaka ba, ina tsoron abin da za su ɗauka ke nan.

Malamin kwalejin ilimi, Argungu:

Malam, janka na farko yana da ƙarfi, kuma ita kanta Wentzel ta yi tunaninsa. A wani binciken da ta wallafa a 1993 a kan ɗalibai ƴan aji shida da bakwai, ta auna har da yadda malami ke son kowane yaro, da kaifin basirarsa, da yawan fashinsa, ta cire tasirin duk waɗannan, amma halin taimako da haɗin kai ya ci gaba da nuna kansa a makin yaran. Ke nan son malami yana nan, sai dai ba shi kaɗai ne bayanin ba. Game da shiru kuwa bakinmu ɗaya. Abin da aka auna a Italiya ba zaman kurum ba ne, taimako ne da rabawa da haɗa kai, waɗanda duk sai da motsi da magana ake yin su. Yaron da tsoro ya kulle wa baki ba nauyi ya ɗauka ba, nauyi aka ɗora masa.

Malamin Islamiyya, Gwandu:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina mamakin yadda muke zuwa har Italiya neman abin da ke tsakar gidanmu. A makarantar allo malami ɗaya yakan zauna da almajirai masu yawa, kuma ba shi ne ke biya wa kowa ba. Gardi yana biya wa na ƙasa da shi, shi ma yana biya wa ƙolo, kuma duk wanda ya yi wannan karatu ya san cewa surar da ka biya wa wani sau ashirin ba ta zame maka ko da tsufa ya zo. Malamanmu suna cewa zakkar ilimi ita ce koyar da shi, kuma zakka ba ta rage dukiya. Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu, da ta so ilimi ya isa ga matan ƙauyuka, ba gine-gine ta yi ba, jajis ta naɗa, wato mata amintattu masu jagorantar Ƴan Taru, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da ƴan'uwansu. Tsarin gaba ɗaya a kan amana ya tsayu, kuma ya rayu bayan rasuwarta.

Amma Malamin Zuru ya yi gaskiya a kan ɗakin jarrabawa. Ayar da ta umarce mu da taimakon juna a kan alheri da tsoron Allah, ita ce dai ta hana mu taimakon juna a kan saɓo. Wanda ya zauna da ɗan'uwansa mako uku kafin jarrabawa har ya gane, ya taimake shi. Wanda ya jefa masa takarda a ranar, ya cuce shi, ya kuma cuci marar lafiyar da wata rana zai faɗa hannunsa. Idan yaro ya saba da na farkon tun yana aji biyar, zai fi sauƙin gane cewa na biyun ha'inci ne.

Manomin shinkafa, Suru:

Malamai, ku gafarce ni, ni karatuna bai yi nisa ba, amma ina da tambaya. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, noman rani ya ƙaru a fadamunmu, kuma da zarar shinkafa ta fara ido sai tsuntsayen jan-baki su sauko. Kusan wata guda sai an tsaya a gona daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ana kora, in ba haka ba aikin shekara ya tafi a cikin kwana kaɗan. Ina da ɗa mai shekara goma sha biyu wanda duk unguwa ta shaide shi da amana. Idan na bar shi a gona ba ya ɗagawa, idan na ba shi kuɗin man injin ban ruwa sai ya dawo mini da canji cif. Amma a aji yana cikin na ƙarshe, domin lokacin korar tsuntsu yakan faɗo daidai da ƙarshen zango. Idan riƙon amana yana kawo karatu kamar yadda Dakta ya ce, me ya sa bai kawo wa nawa ba?

Tsohon hedimasta, Argungu:

Alhaji, tambayarka ita ce mafi nauyi a duk abin da aka rubuta a nan tun jiya. Halin ɗanka kamar ƙasa ce mai kyau, amma ko fadamar Suru ba ta fitar da shinkafar da ba a shuka ba. Riƙon amana yana sa yaro ya ci moriyar darasin da ya zauna ya ji, ba ya maye gurbin darasin da aka yi yana gona. Kuma lissafi da karatu sarƙa ne, wanda ya rasa wata guda a wajen ninkawa zai zo ya tarar ana rabawa, ya zauna yana kallon allo kamar an canja harshe, daga nan ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi daƙiƙi ne, alhali fashi ne kawai ya yi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa uba nauyin ganin ɗansa ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, amma na san doka ba ta korar tsuntsu, kuma ba zan ce ka bar abincin gidanka ya tashi sama ba. Abin da muka taɓa yi a wata makarantar ƙauye da na riƙe shi ne, muka zauna da iyaye da mai unguwa muka amince cewa yaro zai zo da safe har zuwa tara, manya su tsare gonar a wannan lokaci, sannan ya karɓe su. Muka dawo da lissafi da karatu farkon jadawali a wannan wata. Kowane mai fashi kuma muka haɗa shi da maƙwabcinsa da zai kai masa aikin ranar bayan magariba. Bai warware komai ba, amma yaran da muke rasawa sun ragu. Yanzu kowace makaranta ya kamata a ce tana da kwamitin kula da ita wanda iyaye ke ciki, kuma irin wannan magana ita ce aikinsa, ba tara kuɗin gyaran rufi kaɗai ba. Ɗan da ke dawo maka da canji cif, idan aka ba shi littafi aka ce ya kawo shafi biyu gobe, zai kawo.

Uwa, Yauri:

Mun bar mai tambaya a baya. Malam, ka ɗauko takardun zangon biyu ka ajiye su kusa da juna, ka faɗa mana makin kowane darasi, ka bar maganar ta biyu da ta bakwai. Sannan ka tambayi yarinyar, ba a gaban mahaifiyarta ba kuma ba da tsawa ba, wane lokaci ne take fita daga aji kuma wa ke aiken ta. Kuma ka yi mini afuwa, ina son in san abin da take yi a gida daga dawowarta zuwa barci.

Mahaifin ɗaliba, Birnin Kebbi:

Hajiya, na bi shawararki daren jiya, kuma gaskiya jikina ya yi sanyi. A lissafi, wanda shi ne take yi wa yaran nan bita, ta tashi daga 71 zuwa 83. A Hausa da addini ba ta motsa ba. Inda ta faɗi shi ne Turanci, daga 78 zuwa 60, da kimiyya, daga 74 zuwa 62. Da na tambaye ta sai ta ce Turanci yakan faɗo bayan tara sau uku a mako, kuma a lokacin ne wani malami, wanda ba ma na ajinsu ba ne, yake aiken ta sayo masa abinci a bakin titi tun da ya ga ita ce monita, kafin ta dawo an ci rabin darasi. Kimiyya kuwa ta ce ita ma ba ta san dalili ba, sai dai ba ta ganewa kamar da.

Akwai abu biyu da ban yi tsammani ba. Ta ce ƙawayenta uku sun daina yi mata magana tun ranar da ta rubuta sunayensu aka yi musu bulala, kuma da su take yin aikin gida a da. Ta faɗi wannan tana kuka. Na biyun kuma laifina ne. Matata ta haihu a watan Disamba, kuma tun daga lokacin wanke-wanke da shara da riƙon jariri bayan la'asar duk sun koma kan yarinyar, yayyenta maza biyu kuwa suna filin ƙwallo. Ina ganin haka kullum da idona, amma da sakamako ya fito makaranta kaɗai na tuhuma.

Malamar firamare, Jega:

Allah ya raya jariri, Malam, ya kuma saka maka da faɗin gaskiya. Maganar rubuta sunaye ita ce na daɗe da dainawa a ajina. Aiki ne da ke mayar da yarinya ƴar sandan ƙawayenta, alhali amfanin da Dakta ya bayyana duk ta hanyar zumunci da abokai yake zuwa. Mun ba ta nauyin da ya raba ta da mutanen da take karatu da su, sannan muna mamakin faɗuwar kimiyya. Abin da nake yi yanzu shi ne, ayyukan aji suna zagayawa kowane mako biyu, maza da mata, mai ƙoƙari da marar ƙoƙari, har da yaron da ya fi kowa fitina, wanda na ba shi riƙon makullin akwatin littattafai kuma tun daga ranar bai sake makara ba. A Japan yara ne ke share azuzuwansu su kuma raba wa juna abincin rana, amma kowa yana yi, a lokacin da aka ware, ba a tsame mutum ɗaya a ɗora masa ba.

Malamin sakandare, Zuru:

Kada mu yi saurin tafi. Ƙarin maki 12 a lissafi na yarinya ɗaya a zango ɗaya ba hujja ba ce, domin mai yiwuwa jarrabawar ce ta zo da sauƙi, kuma malamar da ta naɗa ta ita ce ta yi makin. Idan Malam zai je makarantar, ya nemi a nuna masa takardar amsar da kanta, ya kuma tambayi yadda sauran ajin suka ci, musamman yara shidan nan. Idan duk ajin ya tashi da goma, to ba mu gano komai ba.

Mahaifin ɗaliba, Birnin Kebbi:

Na je yau da safe, na ga hedimasta da malamar ajin tare. Maganar aike hedimasta ya ce ya ɗauka a kansa, kuma ya kira malamin a gabana. Malam na Zuru, na ga takardar amsa, makin nata ne, kuma ajin bai tashi gaba ɗaya ba. A cikin yara shidan huɗu sun ƙaru, ɗaya yana nan inda yake, ɗaya kuma ya daina zuwa tun tsakiyar zango. Malamar ta yarda a riƙa zagaya tsayuwa a kan shara da ɗauko alli, ni kuma na ce a bar mata rukunin lissafin tun da ita kanta yarinyar ta ce tana so. A kan rubuta sunaye ne muka kasa daidaitawa. Malamar ta ce ita kaɗai ce da yara 84, kuma wani lokaci sai ta leƙa aji huɗu saboda ba su da malami, don haka ba ta da wata hanyar tsare ajin idan ta fita. Ta dai yarda cewa ba ƴata ce za ta riƙa yi kullum ba. A gida na raba wanke-wanke tsakanin yayyenta, kuma babban har yanzu bai huce ba. Kimiyyar ce ban san inda zan kama ba, idan akwai malamin aji biyar a nan da zai faɗa mini abin da ake koyarwa a zango na uku, zan so in fara dubawa da ita kafin ranar Litinin.